Wa Zai Biya Tafintan Kurma?

Akwai maganar da ta daɗe tana zuwa tarurrukanmu, kullum sai a ce a bar ta sai zama na gaba. Ita ce maganar kuramen da ke cikinmu, da wanda zai biya tafintan da zai tsaya tsakaninsu da masu ji a wurin neman abinci. Mun gaji da ɗage ta.

Masu cewa "ai wannan aikin gwamnati ne" suna da rabin gaskiya, bari mu ba su rabinsu. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar juna da majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana. Ta sa tarar Naira miliyan 1 a kan kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuwa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa domin lura da wannan. Madalla.

Amma takardar ɗaukar aiki kujera kawai take ba kurma. Ranar ganawa kafin a ɗauke shi, wa zai faɗa masa tambayar? Ranar taron ma'aikata yana zaune yana kallon leɓuna suna motsi. In aka ba shi takardar tuhuma, da wane baki zai kāre kansa? Shekara goma yana mataki ɗaya, daga baya a ce, "mun gwada su, ba su iya ba." A Ingila tun 1994 gwamnati tana da shirin da ke biyan kuɗin tafinta ga kurma a wurin aikinsa, don kada mai ɗaukar aiki ya sami hujjar korarsa daga bakin ƙofa. Kashi 5 da ba a ware masa kuɗin tafinta ba ƙidayar kawuna ce kurum.

To, sauran rabin fa? Yawancin kuramenmu ba su taɓa shiga ofis ba. Suna shagon tela, suna garejin makanikai, suna injin casar shinkafa, suna ƙwadago a gonakin rani na Kadawa. Can babu hukumar da za ta leƙa. Yaro kurma yana koyon sana'a, an yi yarjejeniya tsakanin maigidansa da kawunsa, shi bai san shekara nawa aka yanka kafin a yaye shi ba. Ma'aikaci ya yi wata guda, an yanke masa lada, bai san dalili ba. An miƙa masa maganin feshi, ba wanda ya bayyana masa murfi nawa ake zubawa a tanki, ko abin da zai yi in ya taɓa masa ido. Idan abu ya ɓaci sai a kira ɗansa daga makaranta, yaro ɗan shekara goma, ya fassara rigimar bashin ubansa a gaban manya. Wannan bai dace da yaron ba, bai kuma dace da uban ba.

Za a ce mana, "kowa a ƙauye ya iya magana da bebe." Lalle ƙasar Hausa tana da abin yabo a nan. Maganar hannu tsohuwa ce a cikinmu, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Sai dai cinikin kaza daban, bayanin sharuɗɗan rance daban. Ga kuma abin da dattawa da yawa ba su lura ba: harsunan hannu biyu ne a tsakaninmu. Tsoho a Rurum yana maganar hannu ta gida. Saurayin da ya yi makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, ya koyi ta makaranta, mai tushe daga ta Amurka. Tafinta na gaskiya sai ya riƙe duka biyu, ga Hausa, ga Turanci. Wannan karatun shekaru ne, irin wanda ake zuwa Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo ko Jami'ar Jos a fara. Mai irin wannan sana'a ba a sallamarsa da "Allah ya saka da alheri" da kuɗin acaɓa. Yana da iyali, kuma ranar da ya sami aiki a Abuja zai tafi.

Ta yaya ma harshen makaranta ya iso mana? Ta hannun ɗan mishan, Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi kansa kurma. Ya sauka Ghana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya kafa makarantun kurame 32 a ƙasashe 13 kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Kurma ya ƙetare teku saboda 'ya'yanmu, mu masu kunne mun kasa tura mutum biyu karatu.

Kada a ce babu kuɗi. Mun yi gidauniyar lasifika, mun yi ta janareta, mun yi ta kayan kiɗa, kuma kurma ya jefa baikonsa a kowace ɗaya, an sayi abin da ba zai taɓa amfana da shi ba. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 14, bai yarda a yi ta magana cikin taro da harshen da ba a ganewa ba in babu mai fassara. Da Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa, Ubangiji ya haɗa shi da Haruna ya aike su aiki. Mu kuma da muke 'yan tsiraru a wannan ƙasa, mun san zafin a yanke magana a kanka a ɗakin da ba ka da murya. Abin kunya ne mu yi wa na cikin gidanmu haka.

Ga abin da muke nema. Kowace gunduma ta sa layin tafinta cikin kasafinta daga baikon godiya na kaka, yadda ake sa albashin mai bishara. A zaɓi matasa biyu, namiji da mace, gama akwai maganar da mace kurma ba za ta yi ta bakin namiji ba. A biya karatunsu, in sun dawo albashinsu kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000 da aka sa a 2024. Aikinsu ba na Lahadi kaɗai ba ne: Litinin zuwa Asabar suna gareji, suna gona, suna asibiti, duk inda kurma ya kira, Kirista ne ko Musulmi. Kuramen ne da kansu za su gwada su, domin su ne suka san wanda ya iya. Sannan shugabannin CAN su rubuta wa ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su nemi gurbin tafinta mai albashi a kasafin shekara. Wanda ya riga ya sa nasa kuɗin, bakinsa zai fi nauyi a can.

Kowane sakataren ikilisiya ya zo taro na gaba da lissafin kuramen da ke wurinsu, da sana'ar kowane, da harshen hannun da yake yi.