Yelwa na buƙatar zauren kiɗan da ba na liƙi ba

Zuwa ga Edita,

Tun da madatsar ruwa ta Kainji ta cika a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da ƙauyukan Gungawa, aka tsugunar da mutane a sababbin matsugunai, kiɗa ya rasa dandalin da ya saba zama. Yau makaɗi a Yelwa ko Ngaski ko Shanga ba shi da wurin kiɗa sai gidan biki da taron siyasa, inda mai liƙi ne ke zaɓen waƙa. Wanda cikinsa ya dogara ga kirarin attajiri ba zai tsaya gwada haɗa goge da gangunan Kambari ba, balle ya ƙirƙiro sabon sauti. Shi ya sa nake kira da a samar da ƙaramin zaure: tabarmi, fitila, mutanen da ba su fi cikin ɗaki ba, babu lasifika, a saurari kiɗa don kansa. Ai da kuntigi kaɗai Ɗan Maraya Jos ya riƙe masu sauraro, kuma irin wannan kiɗa kunne na kusa yake so.

Za a ce akwai bikin Rigata. Rigata kallo ne na shekara-shekara, hankali na kan tseren kwale-kwale, makaɗi ɗan rakiya ne. Masu tsoron shashanci kuma, zauren da dattawan unguwa ke gani, ake tashi kafin sallar isha'i, ya fi kowane gidan gala tsafta. Kuɗin gudanarwa bai wuce karo-karon masu zuwa ba. Abin da ake roƙo shi ne Masarautar Yauri ta ba da ɗaki kawai.

Wani mai karatu,
Yelwa, Yauri