Ba Mu da Teku, Amma Muna da Tabalak

Duk lokacin hutu sai ka ga hotunan abokanmu sun cika Facebook: wannan a bakin tekun Lome, wancan a Kwatano, ƙafa cikin rairayi, baƙin tabarau a ido. Madalla, Allah ya ƙara buɗi. Amma ƴan uwa, tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa kwana ɗaya a bakin tabkin Tabalak?

Tabalak na kan hanyar Tawa zuwa Agadas, kilomita hamsin ko kusa da haka daga Tawa. Tun 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da ɗari ya shigo, tsuntsaye daga Turai suna ƙetare Sahara su sauka nan, su haɗu da namu na gida, su zalɓe da balbela da kirinjijiya. Masunta na fitar da tarwaɗa da karfasa, masu lambu na ban-ruwa a gefe, makiyaya na shayar da dabbobi. Tsuntsu ya yi dubban kilomita ya zo, mu da ke nan kusa ko leƙawa ba mu yi ba!

Abin da ya sa nake wannan magana shi ne tabkunanmu suna cikewa. Duk damina ruwa na wanke ƙasar tuddan da aka sare wa itace, ƙoramu su kwaso yashi su zuba a ciki. Abin da ba ka taɓa gani da idonka ba, ranar da ya ƙafe ba za ka ɗaga murya a kansa ba.

Ni ɗan Tabotaki ne, kuma mu mutanen Adar mun san ana iya tare ƙasa. Tun 1975 manoman kwarin Majiya, a ƙasar Buza, suka fara dasa layukan bedi don karya iska. A 1984 aikin Keita ya soma, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka, aka yi shingaye, aka farfaɗo da tuddan da kowa ya fid da rai a kansu. Iyayenmu sun yi nasu. Mu fa?

Wani zai ce yawon shaƙatawa na masu kuɗi ne, ga kuma matsalar tsaro. Maganar tsaro gaskiya ce: a tambayi halin hanya, a tafi da rana, a sanar da hukumar gari. Batun kuɗi kuwa, mutum goma in suka yi karo-karo, bai kai abin da muke ƙonawa a sayen intanet cikin wata ɗaya ba.

In kun je, ku sayi kifi hannun masunta, ku biya mai kwalekwale ba tare da dogon ciniki ba. Kar a harbi tsuntsu, kar a taɓa sheƙa, ledar da kuka zo da ita ku koma da abinku. Ku zauna da dattawan wurin su nuna muku inda ruwa yake kaiwa a da. Sannan ku tambayi magajin gari abin da aka tanada don tare yashin nan.

Ɗarin bana, wace fada ce za ta fara shirya tafiya?