Mu Tashi Mu Shuka Origano a Gidajenmu!

Jama'a, musamman iyayenmu mata da matasa masu sana'ar shawarma da gashin kaza, wannan kira naku ne. Har yaushe za mu ci gaba da zuba kuɗi a kan 'yar kwalbar origano da ta yi wata da watanni a kan kanta har ƙamshinta ya gudu, alhali tsohon bokiti guda ya ishi gida?

Origano ɗan dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya ne. Asalinsa tsaunukan da ke kewaye da Bahar Rum, irin na Girka da Turkiyya, inda lardin Denizli ya yi suna wajen nomansa. Tsiro ne da ya saba da rana da ƙasa mai tsakuwa da ƙarancin ruwa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita.

A samu bokiti ko tukunyar ƙasa, a huda gindinta, a cika da ƙasa mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Kada a cika masa taki, sai ya yi ganye ba ƙamshi. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka barbaɗa shi ake yi a sama ba tare da an binne ba, ya tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Mai gaggawa ya yanko reshe mai tsawon santimita 10, ya tsige ganyen ƙasa, ya kafa a ƙasa mai laima. Farkon hunturu ya fi dacewa.

A yi hattara da ruwa, domin yawansa ke ruɓar da saiwa. Kafin a ba shi ruwa, a tsoma yatsa a ƙasar tukuna. In da danshi, a haƙura. Da damina a jawo tukunyar ƙarƙashin rumfa, da bazara a kare ta daga zafin azahar.

In ya kai santimita 10 zuwa 15, a fara yanka da safe bayan raɓa ta bushe, daidai saman ganye biyun da ke fuskantar juna. Nan zai tofo rassa biyu. Kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ƙamshinsa ya fi ƙarfi gab da zai yi fure. In za a busar da shi, kada a baza shi a rana kamar kuɓewa. A ɗaure dami-dami a rataye a inuwa mai iska. In ya bushe ƙarau, a murje a rufe a kwalba. Cokali 1 na busasshe ya yi aikin cokali 3 na ɗanye.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Uwargida, amarya, ɗan saurayi, kowa ya nemo tukunyarsa a wannan makon. Wanda nasa ya kama kuma, don Allah ya yanka wa maƙwabci reshe.