Ngoa-Ekelle: Sunan Yana Nan, Littattafan Fa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, magana ɗaya ce ke zagaya majalisun Briqueterie, daga ƙofar babban masallaci har rumfunan teloli: yaron wane ya ci, to ina za a kai shi? Wasu su ce Ngaundere, wasu Marwa, masu hali kuma su ce Zariya ko Masar. Amma yawancinmu ƙarfinmu bai wuce Ngoa-Ekelle ba, wato Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, wadda kuɗin takisi ɗaya ke kai mutum ƙofarta. Tunda can za mu kai 'ya'yanmu, ya kamata mu san gidan da za mu kai su.

Suna kam tana da shi, kuma ba a banza ta same shi ba. A shekarar 1962 aka kafa ta da sunan Jami'ar Tarayyar Kamaru, da ɗalibai 'yan ɗaruruwa, ana koyarwa da Faransanci da Ingilishi, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta wancan lokaci. A 1969 aka buɗe makarantar likitoci ta CUSS a ƙarƙashin Farfesa Monekosso, wanda daga baya ya shugabanci reshen Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1971 makarantar injiniyoyi ta Polytechnique ta biyo baya. Malamai irin su Bernard Fonlon da Engelbert Mveng da Victor Anomah Ngu duk a nan suka koyar. Shekara talatin cur ita kaɗai ce jami'a a ƙasar nan, saboda haka da wuya ka shiga asibiti ko kotu ko ma'aikata ba ka tarar da wanda ya zauna a kan bencinta ba.

To, amma suna ba ya biyan albashi. A wancan zamani ɗalibi ba ya biyan kuɗin karatu, shi ma ake ba alawus duk wata, ga abinci mai rahusa. Abin ya yi daɗi muddin ɗaliban ba su da yawa. Kafin farkon shekarun 1990 sun haura 30,000 a harabar da aka gina domin 'yan dubbai, alhali kuwa farashin koko da kofi da man fetur ya faɗi, baitulmali ya bushe. Kaso mafi tsoka na kasafin jami'a albashi da alawus da ciyar da ɗalibai ke cinye shi, ɗakin karatu da ɗakunan gwaji sai abin da ya rage a gindin tukunya. A watan Janairun 1993 gwamnati ta raba jami'ar, aka samu guda shida: Yawunde ta Ɗaya, Yawunde ta Biyu a Soa, Duwala, Dschang, Ngaundere da Buea. Aka soke alawus, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. A wannan shekarar ce aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, malaman jami'a na ciki. Sai kuma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk littafin da ake sayowa daga Faransa farashinsa ya ninka a dare ɗaya.

A nan ne maganar ɗakin karatu ta shigo, kuma ita ce ta fi damunmu. Jaka 50 ɗin nan an daɗe ba a taɓa ta ba, iyaye na murna, mu ma muna murna. Sai dai jaka 50 ta 1993 ba ita ce ta yau ba, je ka tambayi mai sayar da buhun shinkafa a kasuwar Mokolo. Idan kuɗin da ɗalibi ke biya bai ƙaru ba, ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa suke, tallafin gwamnati kuma albashi ne farko, me zai rage na sayen sababbin littattafai da mujallun ilmi? Shi ya sa ɗalibi ya koma dogaro da takardun darasi da ake bugawa a injin fotokofi. Ya haddace shafi 40 na malaminsa, ya zuba masa su ranar jarrabawa, ya wuce. Mu da muka taso a makarantar allo mun san darajar hadda, amma mun san kuma ba a kiran mutum malami sai ya zauna gaban littattafai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai yanzu komai yana intanet. Gaskiya ne an yi ƙoƙari. A 2016 shugaban ƙasa ya yi alkawarin kwamfuta 500,000 ga ɗalibai, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga ƙasar Sin, aka fara rabawa a ƙarshen 2017. Madalla. Amma kwamfuta akushi ce, ba tuwo ba. Manyan mujallun likitanci da na kimiyya sai an biya ake buɗe su, ga kuɗin intanet, ga wutar da ke ɗaukewa, ga ɗakin da mutum shida ke kwana ciki.

Dubi maƙwabtanmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma a 1962 aka buɗe ta, sa'ar tamu ce ke nan. A 1993, shekarar da mu aka sa kuɗin rajista, Najeriya ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun da yanzu ake kira TETFund, wanda ke gina azuzuwa yana sayen littattafai. Ba mu ce can aljanna ba ce, wanda ɗansa ya zauna gida wata takwas saboda yajin aikin malamai a 2022 zai ba ka labari. Amma dai sun nemo wa ɗakin karatu wata rijiya ta daban.

Mu kuma 'yan unguwa kada mu yi kamar abin bai shafe mu ba, domin muna ci daga jami'ar nan. Dubban ɗaliban da suka cika Bonamoussadi da Obili da Melen suna biyan haya, suna cin abinci, suna ɗinki. Tsiren da ake gasawa a Brik da dare, wa ke saye? Yadin da ake yanka na bikin kammala karatu, a shagon wa? Kuɗin ɗalibi ya daɗe yana shigowa aljihunmu, amma 'ya'yanmu da ke shiga jami'ar ba su kai yadda ya kamata ba, balle 'yan mata, waɗanda sau da yawa ake cire su tun kafin su kai bakaloriya. Wanda ya shiga ma, mukan biya masa jaka 50 mu ɗauka mun sauke nauyi, alhali ainihin kuɗin yana wajen littafi da fotokofi da abin hawa.

Gyaran kasafin jami'a ba a hannunmu yake ba, sai dai mu yi ta tuna wa 'yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'armu. Abin da ke hannunmu shi ne ɗaki ɗaya a cikin unguwa, da tebura, da wutar sola, da intanet da za a riƙa biya duk wata. Unguwar da ke tara kuɗin gyaran masallaci cikin Juma'a biyu ba za ta gaza wannan ba. Dillalan shanu da masu shagunan atamfa su ɗauki hayar ɗakin, ƙungiyoyin adashen mata su ɗauki kuɗin intanet, yayyen da suka gama likitanci da lauyanci da injiniyanci su kawo littattafan da ke cin ƙura a akwatunansu. A ware kwanaki ko sa'o'i na 'yan mata, domin iyaye su saki jiki. Idan hali ya yi, a keɓe kabad guda na tsofaffin wasiƙun ajami da takardun fataucin kakanninmu, kafin gara ta gama da su, ko ɗaliban sashen tarihi sa samu abin rubutu a kanmu.

Ana komawa karatu a watan Oktoba. Muna roƙon masu unguwa da limamai su kira zama kafin lokacin, kowa ya zo da abin da zai iya ɗauka, a rubuta a takarda.