Garin masu ciwon sukari na Indiya: tsohon hatsi cikin sabuwar leda

Tun da muka taɓo abincin Indiya cikin shirinmu, ana ta turo mana hoton wata ledar gari, wai "garin masu ciwon sukari", a ci a warke. To, bari mu kwance ledar.

A Indiya gidaje da yawa ba su wuni ba a gasa capati ba, wato gurasar garin alkama da suke kira atta. Binciken hukumarsu ta ICMR da ya fito a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon sukari miliyan 101 a ƙasar. Ƴan kasuwa suka hango riba. Sai suka gauraya alkama da sha'ir, da garin wani wake mai suna cana, da jowar, bajra da ragi. Kada sunayen su ruɗe ku: dawa ce, gero ne, tamba ce! Abincin kakanninsu ne, kafin shekarun 1960 gwamnati ta karkata noma ga alkama da shinkafa, gero ya koma cimar talaka. Yau an dawo musu da shi cikin leda mai ƙyalli, da tsada.

Ba mu ce haɗin banza ba ne. Akwai ma'aunin saurin da abinci ke tada sukarin jini: gulukos zalla 100 ne, abin da bai wuce 55 ba a hankali yake hawa, kuma garin waken nan yana can ƙasa. Amma lambar ba ta ƙidaya capati nawa ka ci. Wanda ya lanƙwame shida don leda ta ba shi izini, ina ribarsa bisa mai cin biyu na alkama da miyar ganye? Gero ma, in an surfe dusa, an niƙa ya yi laushi, an dama kunu an zuba sukari, amfanin ya tafi.

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne kalmar "a warke". Gari ba ya maye magani. Mutum ya aje ƙwayoyinsa, ciwon na cin ido da ƙoda da ƙafa shiru, ba ihu.

Kuma mu ne za mu yi odar gero daga Indiya? Su da suka sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 shekarar gero, cibiyar binciken hatsi ta ICRISAT da ke kusa da Haidarabad tana da reshe nan Sadore, kudu da Yamai.

Masu tambayar lambar mai saida ledar, ba mu badawa. A tafi CSI a auna jini, a nuna ma likita kwanon da ake ci.