Zanen kwamfuta da dalar da ake kwaɗaita wa matasan Hausawan Sudan

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwato Singa a watan Nuwamban 2024, sannan Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, 'yan uwanmu Hausawan Jazira da Sinnar da Nilul Azrak suka fara komawa gida. Da yawa sun tarar an kwashe kayan noma, gonakin da suka ciyar da Jazira tun 1925 kuma sun sha wuya. Matashi ba jari, sai waya a hannu. A irin wannan hali ne tallan da ke yawo a Facebook da TikTok ke shiga kunne: wai ka rubuta wa ƙirƙirarriyar basira 'yan kalmomi, ta zana maka hoto, ka sayar wa Turawa da dala.

Maganar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa take kama mutane. A watan Maris na 2021 an yi gwanjon wani zanen kwamfuta na Beeple a kan dala miliyan 69. Kamfanin Adobe Stock ma tun Disamban 2022 yake karɓar hotunan da na'ura ta ƙirƙira, yana ba mai hoto kashi 33 cikin ɗari.

To amma mu yi lissafin da saurayin Mai Wurno zai yi. Midjourney na karɓar aƙalla dala 10 a wata, kuma da katin bankin waje. Ga kuɗin intanet, a ƙasar da layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024 har mutane suka koma hayar Starlink awa-awa. In hoton ya samu shiga, ya faɗa cikin miliyoyin irinsa, kuma abin da ake samu a saye ɗaya sau da yawa bai kai dala guda ba. In an tara, ta ina kuɗin za su iso? PayPal ba ya aiki a Sudan, duk da Amurka ta ɗage takunkumin kasuwanci a 2017. Sai a bi ta asusun ɗan uwa a Saudiyya ko Masar, ko dillali mai yankan la'ada. A ganinmu, wanda ribarsa ta tabbata a wannan harka shi ne mai sayar da darasin "yadda za ka yi arziki".

Akwai kuma batun mallaka. A Agustan 2023 wata kotun tarayya a Amurka ta ce hoton da na'ura ta yi ita kaɗai ba shi da haƙƙin mallaka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Maris 2025. Malamai sun daɗe suna saɓani kan hoton mai rai, kuma fatawa aikinsu ne. Amma ɓoye wa mai saye cewa na'ura ce ta zana, alhali ya biya ne don aikin hannu, algus ne da ba ya buƙatar dogon bincike.

Abin da ya fi tayar mana da hankali wani ne daban. Hanya mafi sauri ta tara mabiya ita ce hoton da ke sa kuka ko fushi. Duniya ta ga yadda hoton tantunan Rafah, wanda na'ura ta haɗa, ya zagaya sau fiye da miliyan 40 a Instagram a watan Mayun 2024. Yanzu a kawo wannan dabara jihar Nilul Azrak, inda rikicin watan Yuli da na Oktoban 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubbai da gidajensu. Hoton ƙarya guda na masallaci yana ci da wuta ya isa ya fito da adduna kafin la'asar. Kuma duk hoton bogi da ya yaɗu, hujja ce aka miƙa wa mai son musanta na gaskiya, irin kisan Wad al-Nura na 5 ga Yunin 2024, inda aka kashe fiye da mutum ɗari.

Ba cewa muke a ajiye waya ba. Kasuwa tana nan, sai dai ta fi kusa da gida. Shagunan da ake sake buɗewa suna neman allon suna. Mai agashe, wannan tsiren da Hausawa suka shahara da shi a Sudan, yana son talla. Mai tatsar man gyaɗa yana son tambari, masu biki suna son katin gayyata. Waɗannan suna biya da fam ta Bankak a ranar, ba dillali.

Sai kuma gadon da jikokin masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taso a cikinsa: rubutun allo, zayyanar sauka da ajami. Wanda ya iya su da hannu, ya ɗauka da kyau ya gyara a kwamfuta, yana da kaya nasa na kansa, da masu saye daga Kano har Jidda. A nan ma a kula: na'urar zane takan haɗiye harafi ko ta ƙara ɗigo a rubutun Larabci. Duk zanen da ke ɗauke da aya, mahaddaci ya karanta shi harafi-harafi kafin a buga ko a karɓi kuɗin kowa.