Ba Duk Wanda Ƙwallo Ta Buga Ne Aka Zalunta Ba

'Yan uwa ɗalibai, na san yawancinmu ba mu damu da wasan besbol na Amurka ba, mu dai a ba mu Firimiya a gidan kallo. Amma akwai wata doka a wasan da nake so alƙalan wasanmu na makaranta su yi nazarinta.

A besbol, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda ya buga. Kuskure uku, ya fita. Idan ƙwallon ta same shi a jiki, ana ba shi zango na farko kyauta. To amma da sharaɗi. In ya kai sanda zai buga, ko ƙwallon tana kan daidai inda doka ta ce a jefa, kuskure za a rubuta masa, ko da yana birgima don zafi. In kuma bai yi ƙoƙarin kaucewa ba, babu kyautar zango.

Haka abin yake a salon da suke kira bant, inda ɗan wasa yake gitta sanda ya tare ƙwallo ta gangara kusa. In ya miƙa sandar ƙwallo ta daki yatsunsa, shi ya jawo wa kansa, don hannu ba sanda ba ne. In ya janye, an zalunce shi. Tsakanin biyun ƙiftawar ido ce, kuma alƙali kaɗai zai yanke.

Ga misali biyu. A watan Mayun 1968, Don Drysdale na Dodgers ya jefi Dick Dietz na Giants lokacin da zango uku duk akwai mutane, wato maki ya shiga ke nan. Alƙali Harry Wendelstedt ya ce a'a, Dietz bai kauce ba. Giants suka yi ta hayaniya, bai sauya ba. A Afrilun 2021 kuwa, Michael Conforto na Mets ya turo gwiwar hannu ƙwallo ta shafe shi, alƙali Ron Kulpa ya ba shi zango, Marlins suka sha kashi. Daga baya Kulpa ya amsa cewa ya yi kuskure, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Doka ɗaya ce fa, zuciyar alƙalan ce ta bambanta.

Wani zai ce ai alƙali bai san abin da ke zuciyar ɗan wasa ba. Gaskiya ne, zai iya kuskure. Amma in duk wanda ya faɗi za a ba shi lada, gobe kowa faɗuwa zai koya.

Mu duba gasar sassa da muke yi a nan. Mutum ya zube a raga ba a taɓa shi ba, 'yan ajinsu su cika fili da ihu, alƙali ya ji tsoro ya busa fenariti. Wallahi wannan ba ƙwallo ba ce.

Ina dab da kammala difloma, amma ga roƙona ga ƙungiyar ɗalibai: a horar da alƙalanmu, a kuma kare su daga 'yan kallo. Wanda yake tsoron duka bayan tashi ba zai iya cewa “tashi, ba a taɓa ka ba.”